Masara Mai Giɓi

Ranar da na ɓare masarar farko, 'yata Laraba na tsugune a gabana ta tallabe haɓa. Wata uku ke nan tana ba shukar ruwa da gwangwanin madara, ko da an wuni ana ruwan sama. Na ja ɓawon, na share gemun, sai ga totuwa fara fat, ƙwaya ɗaya nan, ɗaya can. Na ƙirga su, goma sha ɗaya.

"Mama, haƙoranta sun zube," in ji Laraba.

Na karyo ta biyu, na karyo ta uku, duk kanwar ja ce. Tushe huɗu na shuka a ɗan filin da ke tsakanin ƙofar ɗakinmu da kwata, sai na bar na huɗun a tsaye. Maƙwabciyata Furera, matar wani mahauci, tana wanke tukwanen tuwon sayarwarta a bakin famfo. Ta leƙo, ta kwashe da dariya.

"Saratu, wannan masara ce ko bakin kakata?"

"Taki na sa mata fa, Furera. Kashin kaji har kwano biyu."

"To ai ga tsayi ta yi miki, kamar sojan gona. Sai dai ba kai."

Na yi dariya don kada Laraba ta yi kuka, amma ni kukan ne ya fi kusa da ni, kuma ba don masara ba.

Mu mutanen wajen Matazu ne, ni da maigidana Audi, wanda ke gadi a wata masana'anta a Ikeja, nan Legas. Hausawa ne mu kaka da kakanni, Kirista kuma tun daga kan kakana. A Agege wannan abu ne mai wuyar bayani. In na shiga danfo, motar hayar Legas, kwandasta ya ji Hausata ya ce mini Alhaja. In na bi ta kasuwar goro da zanen zumuntar mata, 'yan arewa su bi ni da kallo har in ɓace. Wuri ɗaya ne ba na bukatar yin bayani, wato majami'armu, 'yar ƙarama ta kwano a gefen layin dogo. Akwai mutanen Zonkwa, da na Fankshin, da na Biliri, da na Zuru, kowa da yarensa a ɗakinsa, amma in an taru Hausa ce ke ɗaukar mu duka. Ni da Audi ne kaɗai muka sha ta a nono.

Bayan majami'ar akwai wani siririn fili da ya bi layin dogo. Matan zumunta suka huɗe shi kunya goma sha huɗu, kowace mace da tata, ana shuka masara don godiyar kaka. Mai raba iri ita ce shugabarmu, Maman Yari, mutuniyar Zonkwa, gwauruwa, mai sayar da kunun zaƙi a bakin tasha. Kunyarta na jikin tawa.

Lokacin da na haifi Laraba, shekara huɗu da suka wuce, Innata ba ta iya zuwa ba saboda ciwon ƙafa. Mu kuwa a wurinmu mai jego ba ta zama haka nan. Kwana arba'in ake yi mata wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, a dama mata kunun kanwa, kuma uwa ce ke yi, ko wadda ta tsaya a matsayin uwa. Inna ba ta iya rubutu ba, sai ta sa aka ɗauki muryarta a kaset, ta ba wani direban motar goro ya kawo. A ciki ta faɗi komai dalla-dalla, yadda ake tsoma ganye, da inda ake fara bugawa, da yawan kanwa. Maman Yari ta karɓi kaset ɗin ta tafi da shi ɗakinta, ta yi ta ji har batir ya mutu. Washegari da sassafe sai ga ta da ƙatuwar tukunya a ka.

"Ku Hausawa," ta ce tana fyaɗa mini ganye a baya, "da rai kuke dafa mutum. Tsaya mana! Uwarki ta ce kada in ji tausayinki."

Ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Shekara na zagayowa Inna ta rasu, kaset ɗin kuma ya zauna a wurin Maman Yari, ban taɓa tunanin karɓa ba. Laraba ta tashi tana ce mata Kaka.

Sai watan Fabrairun bana ya zo, Kaduna ta kama da wutar rikici. Yari, ɗanta ɗaya tilo, yana can yana koyon walda a wurin kawunsa. Kwana tara muna addu'a, rana ta goma labari ya iso cewa an kashe shi. Na dama kunu na cika bokiti na tafi ɗakinta. Mata sun cika ɗakin har ƙofa. Na durƙusa a gabanta na ce, "Mama, sannu da haƙuri. Ubangiji ya..."

Ta ɗago ido ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Da irin wannan bakin aka kira shi ya fito," ta ce. "Irin Hausarki sak. 'Yan'uwanki ne, Saratu."

Na jira wata ta ce wani abu. Mata goma sha ɗaya ne a ɗakin, waɗanda muka yi waƙa tare, muka yi shara tare, muka ci a kwano ɗaya. Wata ta duƙar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. Wata ta gyara ɗankwali. Na miƙe, na ajiye bokitin a bakin ƙofa, na kama hannun 'yata muka fito.

Tun daga ranar ban sake zuwa zumuntar ranar Alhamis ba. Sujadar Lahadi nakan je, in zauna a bencin ƙarshe, in fice kafin a fara gaishe-gaishe. Na kuma hana Laraba tsallaka layin dogo zuwa wurin Kaka. Abin da aka faɗa mini na iya haɗiye shi, amma ban yarda wata rana a faɗa wa 'yata ba. Yarinyar ba ta gane ba. Takan je ƙarshen lungunmu ta tsaya, ta riƙe sandar wutar lantarki tana hangen rufin majami'a, har sai na kira ta.

Da ruwan Afrilu ya sauka, na dawo daga kasuwa Furera ta miƙo mini ƙullin takarda, ta ce wata mai zanen cocinmu ce ta bari. Rabona ne na iri. Na so in watsa wa kaji, Laraba ta ce mu shuka. Na shuka huɗu a ƙofar ɗaki, na ba su tazara sosai don kowace ta sake, na ce a raina zan nuna musu ba sai da filinsu ba. A gidanmu gero da dawa muke nomawa. Tushen dawa ɗaya ya fito ko a bayan danga ne, zai yi zangarniya cikakkiya. Na ɗauka masara ma haka take.

To ga abin da na samu. Kuma a lokacin cikina na biyu ya shiga wata bakwai.

Da yamma Furera ta zo ta zauna a bakin ƙofata tana tsinke zogale. Ta dubi cikina, ta dubi ƙafafuna da suka fara kumbura.

"Wa zai yi miki wankan?"

"Allah zai kawo."

"Allah na kawowa, amma ba ya hura wuta. Audi ne zai yi? Wannan da ko shayi in ya dafa sai an zubar?"

Na ɗauki reshen zogale na fara taya ta tsinka.

"Ni zan yi miki," ta ce. "Na yamma dai babu fashi. Na safe ne sai mun yi dabara, kin san kafin gari ya waye ina mayanka da tuwo." Ta jefa ganye a kwano. "Amma ba ni kike so ba, Saratu. Kullum in kina shanya, fuskarki na wajen layin dogo. Ke da 'yarki duk ɗaya."

Na ce mata ba haka ba ne. Na ce abu ɗaya kawai nake so a can, kaset ɗin Innata, kuma zan je in karɓo abina. Furera ta ce, "To," irin to ɗin da ake ce wa yaro in ya ce shi ba ya jin barci.

Ranar Laraba da hantsi na shirya, don na san ranar ba taro, ba zan haɗu da kowa ba sai Maman Yari. Yarinyar ta ƙi ajiye masarar mai giɓi, ta riƙe ta kamar 'yar tsana. Muka bi ta bayan masu gasa burodi, muka ratsa 'yan okada masu babur, muka hau duwatsun layin dogo. An yi ruwa da safe, ƙasa na tururi. Ina tafe ina maimaita abin da zan faɗa: gaisuwa, kaset, sai an jima.

Ban yi niyyar bi ta gonar ba, amma hanyar ɗakinta ta nan take. Masarar ta yi duhu, ta fi ni tsayi, ganye na gugar ganye, kowane tushe da goyonsa kamar mata a layin awo. Iska ta taso daga wajen layin dogo, duka suka kwanta tare, suka tashi tare. Na tsaya. Ƙamshin ya kai ni gonar Babana lokacin da gero ke bununi, ina bin bayan Inna da buta.

A tsakiya akwai kunya ɗaya da ba a shuka ba, tawa. Na zata zan tarar ciyawa ta cinye ta. Tas take, an nome ta, an gyara huɗar, ko tsinke babu. Tun daga wannan bakin har wancan ba komai a kanta sai sawun fartanya.

"Kaka!"

Laraba ta fizge hannunta ta ruga. Maman Yari ce ta fito daga cikin masarar da kwando. Ta rame har zanenta ya ƙara zagaye. Ta ajiye kwandon, yarinyar ta faɗa jikinta, ta riƙe ta tana shafa mata kai, tana kallon sama.

Na durƙusa iya yadda ciki ya bar ni. "Ina kwana, Mama."

"Tashi, tashi, kada ki haihu mini a gona." Muryarta ta dushe. "Wata nawa?"

"Bakwai."

"Kaka, duba tamu," in ji Laraba. "Ba ta da haƙora."

Maman Yari ta karɓa, ta juya ta a hannu. "Tushe nawa kika shuka?"

"Huɗu."

"Nesa da juna?"

"Don su sake."

Ta girgiza kai. "'Yar gero. Masara ba dawarku ba ce." Ta jawo wani tushe ta lanƙwaso kansa. "Kin ga wannan furen na sama? Gari yake zubarwa, rawaya. Ba a kan kansa yake zuba ba, iska ce ke kai wa na kusa. Kowane silin gemu sai garin ya sauka a kansa kafin ya zama ƙwaya. Wanda bai samu ba, giɓi. Naki huɗu duk iska ta kwashe ta kai kwata. Ko buhun taki kika juye musu, haka za su yi."

"Ban sani ba."

"Ni na sani. Tun da aka ce mini kin shuka a ƙofar ɗaki na sani." Ta saki tushen. "Na sani, ban aiko ba."

Ta juya ta shiga kunyarta, wadda ke jikin tawa, ta karyo goyo ɗaya ta ɓare a gabana. Ya fi nawa, amma gefe guda duk ramuka ne.

"Tawa ke nan. Iska daga wajenki take zuwa mini. Bana ba abin da ta kawo."

Na tuna abin da ya kawo ni, na riƙe shi da ƙarfi. "Mama, kaset ɗin Inna na zo karɓa. Maƙwabciyata za ta yi mini wankan."

"Furera? Ita da aka haifa a cikin al'adar, kaset me za ta yi da shi?"

"Nawa ne dai."

"Ba naki ba ne." Ta faɗa a hankali, ba da faɗa ba. "Ke kin taɓa jin sa har ƙarshe? Kina kwance kina barci lokacin. Bayan zancen kanwa akwai saura. Ta ce, ke baiwar Allah da za ki yi wa 'yata wannan aiki, ban san fuskarki ba, ban san garinku ba, amma na ba ki ita. Ni aka yi wa saƙon, Saratu." Ta goge hanci da bakin zane. "Tun watan Maris nake sa shi. Ina sa shi in ji Hausa a bakin wadda ba ta nufe ni da komai ba sai alheri. Wata rana in kai ƙarshe, wata rana in kashe a tsakiya."

Laraba ta shige cikin masara tana bin fara. Na zauna a kan kunyata.

"Mama, ni ma an ƙi sayar wa Babana fili a garin da aka binne cibiyarsa. Ban taɓa riƙe wuƙa ba. Yari ni nake yi masa ɗanwake in ya zo hutu."

"Na sani."

"Kuma ba maganarki ce ta fi ci mini rai ba. Ke uwa ce, wuta na cin ki. Amma mutum goma sha ɗaya, ba wadda ta ce kai, Saratu tamu ce."

"Hawayena suka ji tsoro." Ta zauna kusa da ni, ba ta taɓa ni ba. "Kina ganin ni nake nome wannan? Da wane bayan? Kowace Alhamis in an tashi, sai wata ta ɗauki fartanya. Ba wanda ya sa su, ba sa kuma maganarsa. Wata daga cikinsu ta ce a ba wata baƙuwa ta shuka, kusan cinye ta suka yi. Hanyar gona suka sani, hanyar ƙofarki ce ta gagare su. Ni ma haka."

Wani jirgin kaya ya taho a hankali, ya nufi arewa, taragu duk tsatsa. Muka bi shi da ido har ya wuce, kowaccenmu da wanda take tunani.

"Ba zan yi miki ƙarya ba," ta ce. "Har yau in aka ɗaga murya da Hausa a bayana, gabana faɗuwa yake yi. Ko a majami'a. Ko taki. Ina roƙon Yesu ya cire mini, bai cire ba tukuna, ban kuma san ranar ba. Abin da na faɗa miki na faɗa, ba ya komawa ciki. Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba yanzu, ruwan zafi ba ya bukatar hira."

Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai, "Tukunyata ta huje."

"Da ma tawa muka yi amfani da ita wancan karon. Kin manta?" Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Kin ɓare duka huɗun?"

"Saura ɗaya."

"Bar ta ta bushe a jikinta. Legas damina biyu gare ta, ƙarshen Agusta za mu sake shuka. Ko ƙwaya biyar ce ki kawo, a tsakiya za a sa su."

Ta cika wa Laraba hannu da masara daga kunyoyin ciki, masu cikakkun haƙora. A hanyar komawa yarinyar na ta zuba, rabi Hausa rabi Yarbanci, ni kuwa ban ji ko ɗaya ba.

Ranar shuka na je. Matan suka yi ta gaishe ni da ƙarfi fiye da kima, wata ta ce na yi ƙiba, wata ta ce na rame, wata ta ƙwace fartanyar daga hannuna. Ba wadda ta ambaci watan Fabrairu, ni ma ban ambata ba. Ƙwaya tara na samu a goyon ƙarshe, Laraba ce ta jefa su a rami.

Na haihu ranar ashirin ga Satumba, namiji. Washegarin dawowata daga asibiti, rana ta ɗan ɗago, na ji ana sauke itace a tsakar gida, na ji Furera na cewa, "Sannu da zuwa, Mama, ga murhuna nan da sauran wuta." Maman Yari ta shigo da damin darbejiya a hammata da rediyonta a hannu. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta duba yaron, ta duba ni, ta fita ta ɗora tukunya.

Da ruwa ya tafasa ta kai ni banɗaki, ta ɗora rediyon a kan bulo a bakin ƙofa, ta danna. Kaset ya yi shuu, sai ga zakaran gidanmu ya yi cara, can a Matazu, shekara huɗu baya. Wani ya ce, "Inna, yi magana, yana ɗauka." Inna ta yi gyaran murya, ta yi tari irin nata.

"Ai na haddace," in ji Maman Yari, tana tsoma ganye a ruwa. "Don ke na sa. Juya bayanki."

Na juya, na dafa bango.